Amsar Tambaya: Mai Zama a Motar Gida

Wani mai karatu a jihar Texas ta Amurka ya bar gidan haya ya tare a motar gida, wato motar da aka ƙera don zama a cikinta, yana tambaya ko inshorar mota ta wadatar.

Ba ta wadatar ba. Idan baƙo ya zame a matakala alhali motar tana fake, inshorar mota zalla takan zame kanta. Kamfanoni irin su Progressive suna da tsari na musamman don masu zama dindindin a motar gida, shi ya kamata ya nema.

Bayan inshora, sai ya kula da tayar motar gida: tsufa ke kashe ta tun ba ta cinye ba. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Kamfanin taya na Michelin ya ba da shawarar kada ta haura shekara 10.

Ya kuma manna tsayin motar kusa da sitiyari, saboda gajerun gadoji.