Sanyi Ya Shigo, Katin Wuta Ya Daina Kai Wata

Da zarar sanyi ya kankama, wajen tsakiyar Disamba, kiran da ke shigo mini a waya yakan koma iri ɗaya: "Injiniya, zo ka duba mana mitar nan, ta fara sata." Mai gida ya saba katin da ya saya ya kai shi ƙarshen wata, yanzu ko sati biyu bai cika ba ya ƙare. Ga shi an daina kunna fanka, an lulluɓe na'urar sanyaya ɗaki, a lissafinsa ma kamata ya yi wuta ta yi ragowa. Aikina wayarin da gyaran lantarki a gidajen Kano, kuma a mafi yawan gidajen da aka kira ni kan wannan ƙorafi, mitar lafiyarta ƙalau. Abin da ke shanye wutar yana banɗaki, ko kicin, ko gefen gado.

Duk na'urar da aikinta shi ne ta yi zafi, ita ce mai cin wuta. Abin da mita ke ƙirgawa yunit ne, wato na'ura mai wat 1,000 ta yi aiki na awa ɗaya. Farin ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit guda. Hitar ɗumama ɗaki mai wat 2,000 kuwa rabin awa ya ishe ta. Shi ya sa nake jin tausayin magidancin da ke bin yara ɗaki-ɗaki yana faɗan a kashe ƙwai, alhali hitar ruwan banɗakinsa tun shekaranjiya take kunne. Da can ba a damu ba. Amma tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit na masu rukunin Band A naira 225, ko da yake an ɗan rage daga baya, mantuwa irin wannan ta zama mai tsada.

Ba sai ka yarda da maganata ba. Je ka tsaya gaban mitarka, akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. Ka sa a kunna ƙwayayen gidan duka, ka kalle ta. Sannan ka ce a jona butar lantarki ko dutsen guga. Na sha yi wa masu gida wannan gwaji, kuma yawanci daga nan musu yake ƙarewa.

Ruwan wanka shi ne babban abin da ke cin wuta. Bokiti mai lita 20 na ruwan da ya kwana a tanki, wanda da asuba sanyinsa kan sauka wajen digiri 15, yana cin kusan yunit 2 kafin ya tafasa. Jiki kuwa digiri 40 yake so, abin da bai fi yunit 0.6 ba. Tafasawar ba laifi ba ce in dai za a sirka, domin bokiti ɗaya tafasasshe yana fitar da ruwan wankan mutum uku har da ɗan saura. Asarar tana zuwa ne ta wasu hanyoyi. A jefa hita a bokiti, uwar gida ta tafi haɗa karin kumallo, ruwa ya tafasa ya ci gaba da tafarfasa, kuma duk wutar da aka ci bayan tafasar farko tururi kawai ta zama. Ko a gama dafawa a bar shi a buɗe a tsakar gida, yaro yana ta noƙewa cikin bargo, kafin a lallashe shi ruwan ya huce, a sake jonawa. Wata Hajiya ta taɓa ce mini, "Ai Malam, mu nan ruwa ɗaya sau uku muke dafa shi." Tana faɗa tana dariya, ni kuwa lissafin yunit nake yi. Maganin bai wuce murfi ba, da jera wankan a bi da bi, da juye ragowar a kula ko fulas don alwalar asuba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a cika amfani da shi ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka ɗebo yanzu ɗumi gare shi da sassafe, domin zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya bin yanayi. Wanda ya fara da shi maimakon ruwan tankin da iska ta kaɗa dare guda, ya rage kusan rabin wutar da zai kashe. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi ita ma tana karya sanyin ruwa don wankan yamma, sai dai ranar da hazo ya rufe gari.

Hitar bango ta banɗaki tana da nata hali. Ƙarama mai lita 15 rabin awa ya ishe ta, babba mai lita 50 takan nemi kusan awa biyu. A kunna kafin wanka, a kashe bayansa. In an bar ta, duk lokacin da ruwan ya ɗan huce za ta sake ja, dare da rana. A saita ta wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya rayuwa a cikin tankin, sama da haka kuma ɓarna ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wadda na tarar wani mai gyara ya cire mata na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi, ya haɗa wayar kai tsaye don ya huta da neman sabuwa. Irin wannan ba ta san tsayawa ba, kuma tankinta na iya fashewa.

Ita hitar ɗaki ba na son ta, kuma ba na ɓoye wa masu gida. Mai wat 2,000 in ta kwana awa 8 ta ci yunit 16. Ko a kan naira 200 aka yi lissafi, naira 3,200 ke nan a dare ɗaya, a ɗaki ɗaya. Sau da yawa ɗakin ma ba ya riƙe ɗumin. Taga mai luba gilashi biyu sun fita, ƙasan ƙofa hannu na iya shiga, rufin kwano babu silin. Kamar zuba ruwa ne a kwando. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tagogin wannan ɓangare za a fara toshewa, a saka labule mai kauri, a naɗe tsohon zane a ƙasan ƙofa, a shimfiɗa darduma a kan tayil. Da rana a buɗe ɓangaren da rana ke bugawa, kafin magariba a rufe. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu rufin azara a cikin birni suna yin wannan aiki da kansu: katangar mai kauri ta sha zafin rana, da dare ta sake shi a hankali. In akwai jariri ko tsoho kuma dole a kunna hita, rabin awa kafin kwanciya ya wadatar a ɗakin da aka toshe, sauran aikin na bargo ne da safa da hula.

A nan ne maganar tattali take haɗuwa da maganar rai. Filogi da ekstenshan mai kyau amp 13 suke ɗauka. Hita mai wat 2,000 ita kaɗai tana jan kusan amp 9, a ƙara mata butar lantarki an wuce iyaka. Na kasuwa masu araha kuwa, in ka feɗe wayarsu, silin tagullar ciki bai fi 'yan ƙwarori ba. Na ciro wani daga bayan katifa, robar ta narke ta yi baƙi a zagayen rami ɗaya, ƙafar filogin ta manne a ciki, ledar ɗakin da ke ƙasa ta ƙoƙe. Masu ɗakin sun ce sun kwana biyu suna jin ƙauri, sun ɗauka daga maƙwabta ne. A lokacin da komai ya bushe ƙayau, tartsatsi kaɗan gobara take nema. Duk abin da ke zafi a jona shi kai tsaye a soket na bango, hitar banɗaki kuma a ja mata layinta ita kaɗai. Hitar bokiti, kada a sa hannu a ruwa tana jone, kuma a zare filogi kafin a ɗago ta.

Wasu don gudun kuɗin wuta sai su koma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Hukuncin janareta a cikin gida ko a baranda kusa da taga ma haka yake. A sha ɗumin kasko a waje ko ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin barci.

Masu sola, batir mai bolt 12 da amp-awa 200 abin da yake ajiyewa bai kai yunit biyu da rabi ba, kuma rabinsa ake so a taɓa in ana son ya daɗe. Ba a ɗora masa hita ko butar lantarki. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar faifan, caji ya ragu, sai a ɗora wa batir laifi. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Masu biyan kuɗin ƙiyasi kuma, waɗanda ke cewa ko sun kashe ko sun bari duk ɗaya ne, su tuna da taransifomar unguwa. Bayan sallar asuba kusan kowane gida yake jona hita a lokaci guda, wuta ta zo ba ƙarfi, ruwan da ke zafi a minti ashirin ya nemi minti arba'in, sai fis ya tashi ko taransifomar ta ƙone, a wayi gari ana bi gida-gida karɓar karo-karo. Gidan da ke samun wuta da dare gara ya dafa ruwansa a lokacin, ya juye a kula ya rufe, da safe a sirka.