KUTUTTURE MAI RAI

Darasi domin iyali. A karanta shi da dare bayan tuwo, ko ran Lahadi da yamma, maigida da uwargida da yara duka suna zaune.

Wuraren karatu: Littafin Ƙidaya 13:25-33, Ayuba 14:7-9, Matiyu 25:14-30.

MAGANAR DA TA FI FARA ƁARNA

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata magana da ake yawan ji a gidajenmu. Ita ce, "Ba zan iya ba." In aka ce wa maigida ya shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ya ce, "Ni da furfurata? Ba zan iya ba." In aka ce wa uwargida ta yi addu'a a taron mata, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "A ba wata." Saurayi kuma ya dubi gonar ubansa ya ce, "Ƙasar nan ta mutu," ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani, ba ranar dawowa.

Fara takan ci hatsin shekara ɗaya ta wuce. Amma wannan magana, in ta zauna cikin zuciyar mutum, takan cinye shekarunsa duka, har ta bi ƴaƴansa. Darasinmu na yau yana tambaya: Shin gaskiya ce ba ka da kome? Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, bari mu leƙa gonakinmu tukuna.

ABIN DA YA FARU A GONAKIN MARADI

Tsofaffinmu suna tune da farin 1973 da yunwar 1984. A waɗannan shekaru gonaki da yawa a ƙasar Maradi sun zama fili fetal. An sare itatuwa, iska tana kwashe ƙasa, yashi yana binne shuka. Wani manomi sai ya shuka gero sau biyu ko sau uku kafin ya kama. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu.

A 1981 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, ya iso Nijar domin aikin dasa itatuwa. Ya yi ta reno, ya yi ta dasawa, amma yawancin dashen ya mutu. Rana ta ƙone waɗansu, awaki suka cinye waɗansu. Har ya kusa fid da zuciya. Wata rana a 1983 ya tsaya a bakin hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Ya dubi ƙasar, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro irin wanda kowa yake gani kullum. Da ya matsa kusa ya duba ganyen, ya gane ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana nan da rai, saiwarsa ta yi zurfi cikin ƙasa. Kowace shekara yana toho, kowace shekara kuma manomi yana sare tohon lokacin sassabe, ya ƙone.

Irin waɗannan kututture suna nan ba iyaka cikin gonaki: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa. Dajin da ake kuka ya ɓace, ashe yana kwance ƙarƙashin ƙafafun masu kukan.

Dabarar ba ta da wuya, ita ce muke kira sassabin zamani. A kowane kututture manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, kamar uku zuwa biyar. Ya yanke sauran, ya share ƙananan rassan da ke ƙasa, ya tsare abin da ya bari. Da fari manoma ƙalilan ne suka yarda, maƙwabta kuwa suka yi musu dariya, gama a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce wadda ba itace ko ɗaya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, aka tsare itatuwa wajen dubu 500. Da yunwa ta wuce, mutane suka sare kamar kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen girki, abincin dabbobi, iska ta ragu, ganye ya zama taki. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, masu bincike suka iske aikin ya kai wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya bi ta Matamai ko Magariya a ƙasar Damagaram ya ga gawo cike da gonaki.

Ka lura da abu ɗaya. Kututturen nan suna wurin tun kafin 1983. Abin da ya sāke shi ne idon manomi. Jiya ya ga ciyawar banza, yau ya ga itace.

Ayuba ma ya san wannan. A sura 14 ya nuna itacen da aka sare bai rasa bege ba, da ya ji ruwa zai sake toho. To, kai fa? Ashe ba ka fi kututturen sabara daraja a wurin Allah ba?

MUTUM GOMA DA MUTUM BIYU

Musa ya aiki mutum goma sha biyu su leƙo ƙasar Kan'ana. Suka yi kwana arba'in. Dukansu sun ga ƙasa ɗaya, da ƴaƴan itatuwa iri ɗaya, da garuruwa masu garu, da ƙattin mutane. Goma suka dawo suka karya zuciyar jama'a, suna kwatanta kansu da fara a gaban mutanen ƙasar. Joshuwa da Kalibu kuwa suka ƙarfafa jama'a su tashi, domin Ubangiji yana tare da su.

Su biyun nan ba su musanta ƙattin ba, ba su ce garun ba shi da tsayi ba. Sun dai sa Allah cikin lissafinsu. Goman kuwa sun rena kansu tun abokan gāba ba su rena su ba. Sakamakon ya yi ɗaci: wannan tsara ta ƙare cikin jeji, shekara arba'in suna yawo. Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da aka aike shi. Yana da shekara 85 ya je wurin Joshuwa ya roƙi ƙasar tuddai ta Hebron, inda ƙattin suke, aka kuwa ba shi (Joshuwa 14:6-14). Wanda ya ce ya tsufa da koyon karatu, bari ya tuna da Kalibu.

YARDA DA KAI IRI BIYU CE

Wani zai ce, "Ai yarda da kai girman kai ne." Akwai gaskiya a ciki, sai mu bambanta.

Iri na fari shi ne na Bitrus a daren da aka kama Yesu. Ya bugi ƙirji cewa ko sauran duka sun gudu, shi ba zai gudu ba. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Mai irin wannan yarda yana dogara ga ƙarfin kansa, ba ya jin gargaɗi, ba ya neman shawara.

Iri na biyu shi ne na bayin nan biyu cikin misalin talanti. Maigidansu ya ba ɗaya biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma ɗaya, kowa gwargwadon iyawarsa. Biyu suka amince maigida bai yi kuskure da ya ba su ba, suka tafi suka juya kuɗin. Na ukun ya ji tsoro, ya haƙa rami ya binne nasa. Bai sata ba, bai ɓatar ba, duk da haka maigida ya kira shi mugu da rago. Ka ga, rena baiwar da Allah ya ba ka ba tawali'u ba ne. Kamar ka ce wa Mai bayarwa bai san abin da yake yi ba ne.

Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa 12:3 kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda yake, amma ya auna kansa da hankali. Mai awo na gaskiya ba ya ƙara wa tiya, ba ya kuma rage mata. Haka mai bi zai auna kansa: "Ni mai zunubi ne, Almasihu ya fanshe ni da jininsa. Allah ya ba ni hannu da hankali da Ruhunsa. Abin da ya sa a gabana, da taimakonsa zan yi."

Kada kuma a ruɗe ka. Kyakkyawan tunani ba laya ba ne. Ba ya sauko da ruwa, ba ya korar zazzaɓi. Yaro mai zazzaɓi a kai shi likita. Bulus yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa su riƙa tunani a kan abin da ke gaskiya da abin da ke da kyau, ya kuma ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa ta wurin ƙarfin Almasihu (Filibiyawa 4:8-13). Sarƙar ba ta kwance ba, amma ba ta ɗaure zuciyarsa ba.

SASSABIN ZUCIYA

Yaya mutum zai yi girma? Bari manomi ya koya mana.

1. Ka zaga gonarka ka ƙidaya kututture. Sa'ad da gwauruwar nan mai bashi ta kai kuka wurin Elisha, ya fara da tambayarta abin da ke cikin gidanta. Ɗan mai ne kawai a tulu, da shi kuwa Allah ya biya bashin (2 Sarakuna 4:1-7). Ku zauna ku ƙidaya naku. Wane ne ya iya saƙar tabarma? Wace ce ta iya ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji? Wane yaro ne lissafi ke shiga kansa? Wa ya iya sulhunta masu faɗa?

2. Ka zaɓi rassa kaɗan. Kututturen da aka bar masa toho talatin ba ya zama itace, gama duka suna rabon ƙarfin saiwa ɗaya. Kada ka ce za ka gyara kome a wata ɗaya. Ka ɗauki abu ɗaya ko biyu a bana: koyon karatu, ko biyan bashi, ko addu'ar safe tare da iyali.

3. Ka yanke abin da ke shanye ƙarfinka. Zaman hira daga safe har azahar, bashin biki domin a yabe ka, ƙyashin maƙwabci, tuna laifin da Allah ya riga ya gafarta. Yanka yana da zafi, amma domin rai ake yinsa.

4. Ka tsare tohon daga awaki. Za a yi maka dariya kamar yadda aka yi wa manoman fari. Wani zai ce, "Wa ya taɓa yin haka a gidanku?" Kada ka yi gardama. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya cikin ikilisiya da zai riƙa tambayarka yadda aikin ke tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Ka yi haƙuri. Reshen da aka bari bana ba ya ba da inuwa baɗi. In ka fāɗi, ka tashi. Bitrus da ya yi musu, shi ne ya yi wa'azi ran Fentikos, mutum wajen 3,000 suka tuba.

GA IYAYE MUSAMMAN

Bakin uba da na uwa gatari ne. Yaro ya zubar da fura, uba ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa zama kome ba." Yarinya ta ƙona tuwo, uwa ta ce, "Wa zai aure ki?" Yaro yakan gaskata iyayensa. In ana sare tohonsa kowace rana, zai girma yana ganin kansa fara. Ku tsauta a kan laifi, amma kada ku la'anci yaron. In ɗanka ya ce, "Baba, ban iya ba," ka ce masa, "Zo mu gwada tare, ɗana." Kai maigida, in uwargida ta kawo shawara, ka saurara. Ke uwargida, in maigida ya dawo gona jiki a mace, kada ki ƙara masa da gori. Ki ce, "Sannu da aiki, maigida. Allah da ya ciyar da mu bara yana nan."

KUTUTTUREN DA YA FI DUKA

Annabi Ishaya ya kwatanta gidan Yesse, mahaifin sarki Dawuda, da kututture, ya yi annabci cewa toho zai fito daga cikinsa (Ishaya 11:1). Tohon nan shi ne Yesu Almasihu. An gicciye shi, an binne shi, a rana ta uku ya tashi. Reshe ba ya rayuwa sai yana haɗe da saiwa. In ba ka ba da ranka gare shi ba tukuna, nan ne girma yake farawa. Ka tuba, ka gaskata, zai karɓe ka yau.

TAMBAYOYI

1. Me ya sāke a gonakin Maradi, ƙasar ko idon manomi?
2. Mene ne bambancin Bitrus a daren nan da bayin nan biyu masu aminci?
3. Kowa ya faɗi baiwa ɗaya da ya gani a wurin wanda ke zaune kusa da shi.
4. Wane reshe ɗaya za ka tsare a bana, wanne kuma za ka yanke?

Ayar haddacewa: 2 Timoti 1:7.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun rena abin da ka ba mu, mun binne shi saboda tsoro. Ka gafarta mana. Ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka shuka cikinmu da cikin ƴaƴanmu. Ka tsare mu daga girman kai, ka tsare mu daga fid da zuciya. Ka albarkaci gonakinmu da aikin hannuwanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.