Ƙashin Baya da Shigar da Injin Niƙa Ɗaki

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, injinan niƙa da na casa kuma suka yawaita. A ƙauyukan Rano da Kibiya, idan mota ta sauke inji a bakin gona, akan tara majiya ƙarfi su cicciɓe shi zuwa ɗakin da aka gina masa. A nan haɗarin yake.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faya-fayan guringuntsi masu rage gogayya. Tsokar da ke miƙar da baya tana ja ne daga tazarar kimanin santimita 5 da waɗannan faya-fayai. Mai sunkuyo kuwa kayansa kan yi nisan santimita 50 da ƙugunsa. Ke nan domin ɗaga kilo 50, sai tsokar ta yi jan da ya kai na kilo 500, ban da nauyin jikin kansa. Faifai na iya bullowa ya danne jijiya, ciwon ya sauka har ƙafa.

Sandar ƙarfe tana juya wannan lissafi. Idan tsawonta mita 2 ne, aka tokare ta da dutse santimita 20 daga injin, ƙarfin mai dannawa zai ninku sau 9. Da injin ya ɗaga, sai a zura bututun ƙarfe uku a ƙarƙashinsa, bisa katako, a gangara shi sannu. A dokin ƙofa a jingina katako ya zama gangare, kuma kada kowa ya tsaya ta ƙasan injin.