Kiwon lafiya: hoto mai leƙa cikin ɓargo

Kowa ya san kaluluwa. Takan fito a wuya, ko hamata, ko matsematsi, ta tafi. Amma akwai wadda ba ta ciwo, ba ta tafiya. Mutum ya yi ta zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Wani lokaci sankara ce, likitoci na ce mata limfoma.

Cutar na iya shiga ɓargo, inda jini ke samuwa. Dole likita ya sani, don maganin ya dace.

Da can, sai an soka allura cikin ƙashin ƙugu, a ɗebo ɓargo kaɗan. Akwai zafi. Kuma allura wuri guda take taɓawa, tana iya kuskure cutar.

Yanzu akwai hoton PET. Mara lafiya ya ƙi cin abinci kamar awa 6. A yi masa allurar wani sukari mai alama. Bayan awa 1, na'ura ta ɗauki jikinsa. Sankara akwai kwaɗayin sukari, saboda haka wurin da take sai ya haska.

A 2014 likitoci suka fitar da ƙa'idar Lugano, sunan wani garin Suwis. Ta ce mai limfomar Hojkin, in an yi masa hoton, ba sai an soki ƙashinsa ba. Wasu limfomar kuwa har yanzu sai da allura.

Mai ciki da mai ciwon sukari su gaya wa likita tukuna.

Kaluluwar da ta yi wata ba ta tafi ba, kar a tsaga ta. A tafi likita.