Ɗigon allon kwamfuta

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da ƙaramin allo. Mutum biyu ko uku kaɗai ke iya kallonsa tare. Shi ya sa a aji akan ɗauko babban allo, a haɗa shi da ita da igiya. Wani lokaci da an haɗa sai hoto ya fito tangaran. Wani lokaci kuma rubutu ya yi dishi-dishi, da'ira ta koma kamar ƙwai, fuskar mutum ta yi faɗi. Ƙugiyar ƙ da ta ɗ su dushe, har yaron da ke bencin baya ya karanta "kafa" inda aka rubuta "ƙafa". Sai a ce allon ya lalace, a jingine shi a kusurwa, ƙura ta rufe shi. Galibi kuwa lafiyarsa lau.

Allo kamar filin dara yake. Dara tana da layi 5, kowane layi gurbi 6, duka gurbi 30. Allo ma gurabe ne jere a layi, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Kowane gurbi ɗigo guda ne na haske. Da Faransanci sunansa pixel. In aka ɗora gilashin ƙara girma a kan farin wuri, za a ga kowane ɗigo ya rabu uku: ja, kore da shuɗi. Daga waɗannan uku ake haɗa dukan sauran launuka.

Tun a masana'anta aka ƙayyade yawan ɗigon kowane allo. Ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Wannan shi ne adadinsa na asali. Manyan alluna da yawa suna da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In aka ninka, ɗigo 2 073 600 ke nan. Allon ƙananan kwamfutoci da yawa kuwa 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, watau ɗigo 1 049 088. Wajen rabin na babban ke nan.

To, a ce kwamfuta ta aika wa babban allo hoto mai ɗigo 1366 a kwance. Allon yana da gurbi 1920, kuma yana so ya cika su. Kusan kowane ɗigo 5 sai an raba shi cikin gurbi 7. Mai shuka da ke da ƙwayar gyaɗa 5 da gurbi 7 ba ya da dabara, sai ya bar gurbi biyu wayam. Allo shi yakan cakuɗa. Ya ɗebi kaɗan daga wannan ɗigo, kaɗan daga maƙwabcinsa, ya zuba a gurbin tsakiya. Inda baƙin harafi ya haɗu da farar takarda sai a sami toka-toka. Dishi-dishin ke nan. A hoton saniya ko na itace ba a cika lura ba. A rubutu ne abin ke ɓaci, don ƙugiyar harafi ɗigo kaɗan ce.

Ƙwan kuma daga siffa yake zuwa. Hoto mai 1024 da 768 siffarsa 4 bisa 3 ce. Allo mai 1920 da 1080 siffarsa 16 bisa 9 ce, ya fi faɗi. In aka ja hoton ya cika allon, komi sai ya buɗe ta gefe.

Ƙaƙa kwamfuta ke sanin adadin allon da aka haɗa mata? Allon ne ke faɗa mata. A cikinsa akwai ɗan rubutu kamar katin shaida, mai ɗauke da sunansa da adadin ɗigonsa. Ana kiran wannan kati EDID. Ƙungiyar VESA ce ta tsara shi a 1994. Da an sa igiya, kwamfuta ta karanta katin, ta aika hoto daidai da shi. In ba ta samu ta karanta ba, sai ta zaɓi ƙaramin adadi wanda kusan kowane allo zai karɓa, sau da yawa 1024 da 768.

Mai gyara na kirki da abu mai sauƙi yake farawa. A kwamfuta mai Windows, yakan danna maɓallin Windows tare da harafin P. In an zaɓi Dupliquer, alluna biyu hoto ɗaya suke nunawa, don haka dole su yi adadi ɗaya, kuma ƙaramin ne ke jan babban ƙasa. In ya zaɓi Étendre, kowane allo ya sami nasa adadi. Daga nan ya shiga Paramètres, wurin Affichage, ya taɓa hoton allo na 2. Wajen Résolution ya ɗauki adadin da aka rubuta recommandé a gabansa. Sau da yawa aiki ya ƙare nan.

In 1920 da 1080 ba ya cikin jerin sam, sai a duba igiya. Igiyar VGA, mai shuɗin kai, kamfanin IBM ya fito da irinta a 1987. Allurai 15 ke bakinta, kuma ta lamba 12 da ta 15 su ke ɗauko katin allon. Ɗaya ta lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta toshe raminta, hoto zai zo amma katin ba zai iso ba. Sai a kashe na'urorin, a hure ƙurar, a mayar da igiyar, a ɗaure kusoshinta biyu. Igiyar HDMI, wadda aka tsara a ƙarshen 2002, tana da haƙora 19, kuma ta fi kawo hoto mai tsabta. Inda akwai bakinta a ɓangarorin biyu, ita ya kamata a sa. Aron igiyar maƙwabci a gwada ya fi sayen sabon allo arha.

In igiya lafiya take, saura manhajar da ke tuƙa sashen hoto na kwamfuta, wadda ake kira pilote. Takan tsufa, ko ta ɓace bayan an sake wa kwamfuta tsari. Wannan aikin babba ne: ya ɗauko ta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ya sa, ya kashe ya kunna.

Akwai kuma masu rage adadin da gangan, wai don rubutu ya yi girma. Girman yakan samu, amma da dishi-dishinsa. Gara a bar adadin asali yadda yake, a je Mise à l'échelle a zaɓi 125 % ko 150 %. Haruffa za su girma, ƙugiyarsu kuma ta fito sarai har bencin baya.

Tambayoyi da aiki

1. Mine ne adadin asali na allo?
2. Ɗigo nawa ne cikin hoto mai 1024 da 768? Da nawa allo mai 1920 da 1080 ya fi shi?
3. Don mi Dupliquer ke hana babban allo nuna adadinsa?
4. A takarda mai gida-gida, a zana harafin ƙ cikin gida 5 a kwance, 7 a tsaye. A sake zana shi cikin gida 7 a kwance, 10 a tsaye. Waɗanne gidaje ne suka zo rabi baƙi rabi fari?