Yadda ake gane dangin salati a gonakin Maraɗi

Manoman rani na Jiratawa ba su da buƙatar littafi don su fara gane wannan dangi na tsirrai, domin babban misalinsa yana cikin fangalinsu. Salatin da zafin Maris ya kama yakan yi tsiri ya fitar da ƙananan furanni rawaya. Ka tsinki ɗaya ka tsaga da farce. Abin da ido ya ɗauka fure ɗaya ne, ashe furanni ne masu yawa a jere kan gindi guda, kamar waina a faranti, ga ƙananan ganye kore sun rungume su ta ƙasa. Kowane ɗan fure iri ɗaya yake bayarwa, kuma sau da yawa irin yana da farin gashi da iska ke ɗauka. Masana suna kiran dangin Asteraceae, kuma nau'insa ya haura 23,000 a duniya. A aikina na malamin gona, wannan tsagawar nake fara koya wa kowa, kafin a zo maganar ganye ko launi.

Launi yaudara ne. Garmani, wanda ya cinye makiyayu da yawa a jihar nan, furensa rawaya ne, haka ma tsaida, amma ka tsaga za ka tarar fure ɗaya ne tak mai kunnuwa biyar. Ba sa cikin dangin.

A cikin dangin kuwa, wanda ya fi damuna shi ne kashin yawo. Asalinsa Kudancin Amurka ne, amma yau ka bi hanyoyin dabbobi wajen Tibiri, ko kangaye da bakin bola a Sabon Gari, za ka same shi ya yi kaka-gida. Karansa gashi ne da shi, kuma yana rabuwa biyu-biyu. A cikin kowace gwafa ake samun ɗan ƙaramin kan fure wanda ba ya ɗaukar ido. Idan ya nuna sai ya buɗe kamar tauraro, kowane ɗa da ƙayoyi masu lanƙwasa a jiki da dogaye biyu a bisa. Su ne ke maƙalewa a gashin tumaki da bakin wando. Yara kan haɗa shi da ƙarangiya, alhali ƙarangiya ciyawa ce, dangin gero. Bambancin yana da amfani ga mai kiwo: dabba na cin ƙarangiya ɗanya lafiya lau, shi kuwa kashin yawo idan akuya ta ci da yawa yana iya taɓa mata hanta. A gonar gyaɗa kuma yana ɓata harawa. Lokacin cire shi tun noman farko ne, kafin ya yi 'ya'ya. Wanda ya tuge shi bayan ya nuna ya yar a gefen gona, shuka ya yi wa baɗi.

Dayi ma ɗan gidan ne. Yana shimfiɗe a ƙasa, ƙayarsa kuwa a jikin ganyayen da suka rungume kan furen take, raƙumi ne ke cinta ba ya ko yamutsa fuska. Namijin dayi kuma, wanda ake ci ganyensa, ka karya shi ka ga farin ruwa irin na salati. Sai dai kada a riƙe farin ruwa shi kaɗai a matsayin shaida, don tumfafiya ma tana da shi, kuma nata guba ne, yana illa ga ido. Shuwaka da mata ke wankewa don miya ita ma idan aka bar ta ta yi fure, tarin farare ƙanana take fitarwa, tsarin ɗaya ne.

Sai tazargade, wadda ake sayarwa busasshiya a ƙulle. Gaskiya ne daga wata 'yar uwarta, Artemisia annua, aka samo sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti, aikin da ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Amma nau'in Artemisia da yawa ne, kuma busasshen gari ba ya nuna wanne aka daka. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin magani ba. Yaro mai zazzaɓi a kai shi gwaji.

Mai son a duba masa tsiro ya kawo reshe da furensa da 'ya'yansa, a matse tsakanin takardu, ban da leda don tana ruɓar da shi. Ya kuma faɗi inda ya tsinko: jigawa ce, ko bakin Gulbi, da watan da ya gan shi.