Darasi: Kalmar "Pluma" a Harshen Sifaniyanci

Ɗalibi, ka riga ka san kalmar alƙalami. A yau za ka koyi takwararta a Sifaniyanci, harshen da ake magana da shi a Sifen da mafi yawan ƙasashen Kudancin Amurka. Kalmar ita ce "pluma".

Ma'anarta ta asali gashin tsuntsu. Kafin ƙarni na 19, mutanen Turai da gashin fiffiken manyan tsuntsaye suke rubutu. Sai a fiƙe bakinsa da wuƙa, a tsoma shi a tawada, kamar dai yadda almajiri yake fiƙe kara ya rubuta allonsa. Da aka ƙera alƙalami mai bakin ƙarfe, aka yar da gashin, amma sunan ya zauna. Saboda haka har gobe "pluma" tana nufin abu biyu: gashin tsuntsu da kuma abin rubutu.

Ka lura da jinsi. A Hausa alƙalami namiji ne, shi ya sa muke cewa alƙalamina ya ɓace. A Sifaniyanci kuwa "pluma" tamace ce, ana cewa "la pluma", jam'inta "las plumas". Bahaushe zai iya furta ta fuluma, domin babu harafin p a abacadar Hausa, kuma baƙaƙe biyu irin waɗannan ba sa haɗuwa a farkon kalmarsa.

Sai ka yi hattara a kanti. Idan ka nemi "pluma" a Meziko, biro za a miƙo maka. A Sifen kuwa mai kanti zai ɗauka alƙalamin da ake ɗura wa tawada kake so, wanda ya fi tsada. Biro a can "bolígrafo" ne. Mutanen Ajantina su kuma "birome" suke cewa. Wannan suna ya samo asali ne daga László Bíró, ɗan jaridar nan na ƙasar Hangari wanda ya yi wa ƙirƙirarsa rajista a Ajantina a 1943. Daga sunansa ne biron da ke aljihunka ya samu nasa.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni biyu na kalmar "pluma".
2. Mene ne jinsin alƙalami a Hausa? Gina jimla ɗaya da za ta nuna haka.
3. Yaya ake kiran alƙalami a harshenku na gida, kuma daga ina kalmar ta fito? Tambayi wani babba.